Bazarar da Hure Ta Yi Saɓa

Ina farawa da sunan Wanda Ya halicci fata, Ya kuma san abin da ke ƙarƙashinta.

Sunanta na yanka Furera, amma a Ƙofar Durbi in aka ce Furera sai an tsaya tunani. Hure kowa ya sani, Hure mai kurkum. Katanga ɗaya ta raba gidan mahaifinta da gidan da aka kawo ni aure, katangar kuma gajera ce ta wajen madafa, in na miƙe ina tuƙa tuwo ina hango ƙeyarta. Ta girme ni da 'yan shekaru, don haka Yaya Hure nake ce mata. Ita kuwa tun da maigidana ya rasu na shiga Islamiyyar matan aure ta laƙaba mini Malama, alhali a lokacin ko izu biyu ban haɗa ba.

Tana yarinya aka aurar da ita ga wani direban babbar mota, ya tafi da ita Maiduguri. A can ta zauna gidan haya da wata Bashuwa, ta koyi abin da ya zama abincinta har ƙarshen rayuwa: dilka, wato wannan curin da ake murza wa jiki ya kwashe dauɗa da matacciyar fata, da halawar cire gashi, da haɗa turaren wuta. Mijin ya rasu a hanya, Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba. Ta dawo ɗakin uwarta da akwati ɗaya da tukunyar turare, ta share wani ɗaki na ƙurya wanda rana ba ta leƙa shi, ta shimfiɗa tabarma. A kan tabarmar nan aka gyara amaren unguwarmu, da ƙannensu, har aka zo kan 'ya'yansu.

Mace ce doguwa, baƙa, mai manyan hannuwa. Tafin hannunta kullum rawaya ne saboda kurkum, ko da Salla. In tana murza amarya ba ta yin shiru, tana yi tana tsiya. "Ke wannan gwiwa taki, gero kike surfawa da ita?" Yarinya ta yi dariya ta manta da kunya, ta saki jiki. Na sha jin ta ta katanga tana gaya musu abubuwan da uwa ke jin nauyin faɗa, cikin wasa, amma ba ta taɓa fitar da sirrin jikin kowa waje ba. Matan da suka tuɓe a gabanta sun fi a ƙirga, ba wadda ta taɓa jin labarin tabonta a bakin wata.

Akwai wata ɗabi'a tata da ba na jin ta koye ta a wurin kowa. Duk abin da za ta shafa wa fuskar wata, sai ta fara shafa shi a kuncinta na hagu. Sabon sabulu, sabon mai, kurkum na wata gona, ko garin da aka ce an kawo daga Sudan, kuncin nan ne ke fara ɗanɗanawa. In ya kwana lafiya, to, amare sun samu. In ya yi ƙuraje ko borin jini, ta mayar wa mai shi kayansa. Takan taɓa shi ta ce, "Na dama nawa ne, na hagu na amare." Har yara sun san wannan. In suka gan ta da rabin fuska rawaya ta leƙo zaure, ba wanda ke dariya, sun san aiki ake.

Kayan aikinta kuwa wurin mutum ɗaya take saye, Malam Dabo mai kayan ƙamshi a kasuwa. Kurkum, hulba, kanumfari, sandal, duk daga rumfarsa. Shekaru masu yawa aike ne kawai tsakaninsu. Rakiya dillaliya, wadda ke yawo gida gida da ƙullin atamfofi da sarƙoƙi, ita ke karɓo mata in ta shiga kasuwa. Malam Dabo dattijo ne siriri, mara yawan magana. Kunnensa ɗaya ya yi nauyi, ɗayan kuma ya ba wa rediyo. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse garuruwa, ya rage shi kaɗai a gida a Ƙofar Kaura.

Bayan rasuwar matar da kamar shekara biyu, Hure ta fara ganin abin da ba ta aika a sayo ba a cikin kayanta. Yau ɗan ƙullin kanumfari, gobe gutsuren sandal mai kyau. Wata rana ta leƙo ta katanga tana riƙe da ƙullin.

"Malama, zo ki ga. Dattijon nan ko dai ya fara ruɗewa, ko kuwa ya fara sona."

Na ce, "To wanne kika fi so, Yaya?"

"Ke dai tuƙa tuwonki," in ji ta. Amma na ga ta kai ƙullin hanci ta daɗe tana shinshinawa.

Bai ruɗe ba. Ya je ya samu yayanta Alhaji Hadi, wanda shi ne waliyyinta, ya yi magana irin ta manya. Ya zo zaurensu zance sau biyu ko uku bayan La'asar, suna zaune nesa da juna, tana ɗaga murya don ya ji, har ni da ke bayan katanga na san abin da aka tattauna ba tare da na kasa kunne ba. Aka sa rana, wata Juma'a a ƙarshen watan Mayu, in an sauko daga masallaci. Ba wani biki, goro da addu'a, da magariba a raka ta.

Ban taɓa ganin Hure haka ba. Matar da ta gyara amare fiye da ɗari ta rasa yadda za ta yi da kanta. Ta ɗinka atamfa, ta ce ta yi mata yarinta, ta ba ni. Ta sake ɗinka wata. Ta ce mini wata rana, ba wasa a muryarta, "Malama, na gaji da cin tuwo ni kaɗai. Ba wani abu nake nema ba. Mutum dai da zan ce wa gishiri ya yi yawa."

Shekarar ita ce wadda soja suka ce za su koma bariki su ba farar hula mulki, kuma Juma'ar tamu ta faɗo jajibirin ranar miƙawar. Gari ya cika da zancen. An yi zaɓe, an san waɗanda suka ci, amma mutane da yawa ba su sakankance ba, Malam Dabo na cikinsu. Ya taɓa bin layi a rana ya jefa ƙuri'a aka soke, abin bai bar ransa ba. Duk wanda ya tsaya a rumfarsa sai ya ji: "An sha yi mana alkawari ana saɓawa. Sai na gani da idona." Safe da yamma kalmar nan na bakinsa, za su cika, za su saɓa.

Mu kuwa mata, abin da mulkin farar hula ya fara kawo mana a Ƙofar Durbi shi ne layi a ɗakin Hure. Matan waɗanda suka ci zaɓe, da ƙannen matan, da ƙawayen ƙannen, kowacce na son ranar rantsuwa ta same ta tana sheƙi, don an ce za a nuna a talabijin. Sabuwar kalma ta shigo, honarabul. Mata suka riƙa shigowa da takalma masu tsini suna tambaya ko nan ne gidan mai dilka. Ga bazara ta kai maƙura. Ruwan randa kamar an ɗora a wuta, ƙadangaru ma sun bar kan katanga, hadari ya haɗu da yamma ya watse ba ɗigo.

Cikin matan akwai Hajiya Ramla, yarinya ce mai kirki, Hure ce ta gyara ta lokacin aurenta. Mijinta ya ci kujerar majalisa. Tana da tabon ƙuraje a kumatu, tun na ƙuruciya, abin yana damunta. Ita ce ta ji labarin wani ruwa da matan Jidda da na Legas ke shafawa, wai yana ɓare fatar sama gaba ɗaya sabuwa ta fito, ba tabo ba gurbi. Ta sa Rakiya nema. Rakiya kuwa in aka ce ta nemo nonon kura sai ta kawo. Ba a jima ba ta zo da 'yar kwalba ruwan ƙasa, ba ta fi babban yatsa ba, wadda ta karɓo a hannun wata da ta dawo daga aikin hajji. Ruwan ciki garau kamar na rijiya. Akwai rubutu a jiki ƙanana ƙanana, ba na Hausa ba, ba kuma irin Larabcin da nake iya haɗawa ba.

Ina wurin ranar. Hajiya Ramla ta ce a shafa mata a take.

Hure ta ce, "Ɗiyata, kin san ƙa'idar ɗakin nan."

Na ce, "Yaya, ki tuna abin da ke gabanki. Ki bar wannan gwajin sai bayan Juma'ar."

"In na bari sai bayan Juma'a, an gama rantsuwa. In na shafa mata ban gwada ba, ba ni ba ce. Mi zai yi mani? Kuncin nan ya ga abin da ya fi wannan."

Ta tsoma auduga ta shafe kuncin hagu tun daga ƙasan ido har haɓa. A nan aka yi kuskuren, kuma duk mu da muke zaune ba wadda ta ga kuskure ne. Mu abin da muka sani, lalle sai ya daɗe yake kamawa, kurkum sai ya bushe a jiki yake aiki. Wa zai ce akwai abin shafawa da ake wankewa tun bai gama zama ba? Da ya fara yi mata zafi ta ce alamar mai kyau ne. Da zafin ya ƙaru ta ɗauki kujera ta fita tsakar gida, ta ba rana kuncin don ya bushe da wuri, kamar yadda take sa amare su yi. Sai da na ga wurin ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka na ce a kawo ruwa. Ta wanke tana salati, hawaye na zuba daga idon hagu kaɗai.

Washegari kuncin ya kumbura ya yi baƙi, ya ɗaure kamar fatar ganga. Aka kira Zainab, 'yar Alhaji Hadi, wadda ke aikin jinya. Ta duba kwalbar, ta duba gwaggonta, ta riƙe baki.

"Gwaggo, wannan ai ɗan lokaci kaɗan ake barin shi, kuma ba kowa ke shafa shi ba sai wanda ya koya. Masu yi ma ba sa son yi da bazara. Har rana kika shiga da shi?"

"Na shiga, uwata. Yi mani faɗa, na cancanta."

Zainab ta ce fatar za ta ɓare da kanta, kada a taɓa, kada a ja. A riƙa shafa man kaɗanya mai tsabta. Ta ce abu ɗaya ne babba: sabuwar fatar da za ta fito ba ta son rana ko kaɗan. In aka kiyaye 'yan makonni a inuwa, da yardar Allah za ta koma daidai. In rana ta dake ta tana ɗanya, baƙin da za ta yi ba ya fita. Ni kuma na tambayo malamarmu hukuncin alwala, ta ce ta wanke inda ke lafiya, ta shafa a hankali inda ke ciwo, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa.

Hajiya Ramla ta zo dubiya, ta ga fuskar, ta fashe da kuka tana cewa saboda ita ne. Hure ta ce, "To da a taki fuskar ce fa? Share hawaye ki tuɓe, dilka zan maki, irin wadda mijin naki ya gani ya rikice tun ba a san zai zama honarabul ba." Haka ta ci gaba da aiki a ɗakin ƙurya, da rabin fuska a lulluɓe.

Cikin 'yan kwanaki fatar ta fara tashi, tana naɗewa daga gefe kamar bawon albasa, ƙasanta ja-ja mai sheƙi. Hure ta kalli madubi ta ce, "Malama, tsufa ya mai da ni maciji. Saɓa nake." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Juma'a ta matso. Ba ta son ta shiga gidan mutum da fuska tana zuba, kuma ba ta son ɓoye masa. Ta kira Rakiya, a gabana ta ba ta saƙo.

"Ki tahi wurin Malam. Ki gaya mashi gaskiya, ki ce na gwada magani ya ƙone ni, ina saɓa kamar maciji. Ya yi haƙuri a ɗan ɗaga ranar har in warke."

Rakiya ta tafi. Sai dai a hanya ta tuna kwalbar daga hannunta ta fito, kuma rumfar Malam Dabo a tsakiyar kasuwa take, kuma sai an ɗaga murya yake ji. In ta tsaya tana ihun magani ya ƙone Hure, kafin la'asar duk gidajen da take shiga sun ji cewa kayan Rakiya na ƙona fuska. Daga baya ita da bakinta ta ba mu labari. Sai ta zubar da maganin a hanya, ta zubar da macijin, ta isa da ɗan abin da ya rage. Ta sunkuya wajen kunnensa, rediyo na ta magana a ɗaya gefen, ta ce, "Hure ta ce a gaya maka ta yi saɓa, a ɗaga ranar."

Ya rage muryar rediyon. "Ta saɓa?"

"I, haka ta ce," in ji Rakiya, ta ɗauki ƙullinta ta yi gaba, tana murna ta sauke nauyi.

Ta dawo ta ce saƙo ya isa, bai ce komai ba. Kwana ya bi kwana ba aike, ba ɗan ƙullin kanumfari, ba sannu da jiki. Hure ta daina tsiya da amare. Na leƙa ta katanga wata safiya na gan ta zaune a bakin ƙofar ɗaki, tasbaha a hannu ba ta ja.

Ta ce, "Ban ga laifinsa ba. Mace mai fuska ya nema."

Na ce ta kyautata zato, amma ni ma a raina na fara jin haushin dattijon.

Ranar Juma'ar da hantsi Zainab ta biyo kafin ta wuce aiki, da saƙon babanta. Ta zauna tana murza gefen mayafi, ta kasa farawa. Da ƙyar ta ce Malam Dabo ya je wurin Baba jiya. Ya ce ya ji saƙo, ba ya riƙe kowa a zuci, goron da aka saya a raba sadaka. Ya ce in an sauko Juma'a zai bi mota zuwa Funtuwa wurin babban ɗansa, can zai yi damina, watakila ma ya zauna.

Hure ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya."

"Baba ma ransa ya ɓaci, Gwaggo. Ya ce me ya sa ba ki gaya masa da kanki ba, sai a bakin mutum zai ji. Malam ya ce tun da ke kika ce kin saɓa, shi ba ya tilas."

Hure ta ɗago. "Na ce na mi?"

"Kin saɓa. Alkawarin."

Na ga bakin Hure na motsi, tana juya kalmar. Sai ta dafe kuncin da hannu, dariya ta ƙwace mata, tana yi tana cewa wayyo, don fatar na ja. "Saɓa! Malama, kin ji? Maciji ya ci amanata! Rakiya, Allah Ya shirye ki!" Ta yi dariya har hawaye, sannan ta tsaya cak. "Yana can yana cewa na yi mashi irin ta soja."

Zainab ta ce bari ta koma ta gaya wa Baba, a tura wani kasuwa. Ni ma na ce zan je.

"A'a. Saƙo ya ɓata, ba saƙo zai gyara ba. Mutumin nan ko limami aka tura mashi zai ce lallashi ne. Ba ya yarda sai ya gani da idonsa." Ta miƙe tana neman mayafi.

Zainab ta tare ƙofa. "Gwaggo, kin ga ranar da ake yi kuwa? Na gaya miki abin da zai faru. Ki bari sai yamma."

"Da yamma yana Malumfashi. Matsa, uwata."

Na ɗauko lemar marigayi maigidana na bi ta. Ana wahalar mai a lokacin, 'yan motocin da ke yawo duk an liƙa musu hotuna an cika su da magoya bayan waɗanda suka ci zaɓe, ba tasi ko ɗaya. Da ƙafa muka tafi. Ta lulluɓe fuska da farko, amma ba mu yi nisa ba gumi ya fara shiga ɗanyen wurin, mayafin na gogarsa, ta ce kamar ana zuba barkono. Ta yaye. Ina ta ƙoƙarin daidaita lema, amma ta fi ni tsawo kuma ta fi ni sauri, ga rana ta ko'ina take dukan mutum, daga sama da daga ƙasa da jikin katangu. Mata na tsayawa suna kallo. Wata ta ce, "Hure, lahiya?" Ta ce, "Lahiya lau, aure za ni," ba ta ko waiwaya ba.

Mun same shi ya sauke rabin rumfa, yana ɗaure bakin buhun hulba. Rediyon na ajiye a kan benci a kashe. Hure ta yi sallama, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi gida, ta tambayi kasuwa, ta tambayi zafi. Ya amsa duka idonsa na kan igiya. Maƙwabtan rumfa suka bar abin da suke yi.

Ta ɗaga murya. "Malam, ni aka ce maka na saɓa?"

"Haka na ji, Hajiya. Ba komai. Allah Ya sa haka ya fi alheri."

"Ban je Makka ba tukuna, kada ka ba ni abin da ban samu ba. Ɗago ka duba."

Ya ɗago. Ta juya masa kuncin hagu, ja-ja, da ragowar tsohuwar fata na lilo a gefen haɓa.

"To ga saɓar. Irin ta maciji na ce, ba irin ta mutane ba."

Ya daɗe yana kallo. Ya saki igiyar, buhun ya kwanta hulba ta fara tsiyaya, bai lura ba. Ya matso kaɗan, ya karkata kai kamar mai duba kaya kafin saye. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Wannan ba kayana ba ne."

"Ba naka ba ne."

"Shekara da shekaru ina auna maki, na taɓa ƙona ki? Kika bar ni kika je wurin wani."

Mai barkono na rumfar gefe ya ce, "Kai, Malam Dabo, tun ba a ɗaura ba har ka fara kishi?" Kasuwa ta ɗauki dariya. Wani ya ce a kawo wa amarya kujera, wani ya ce ango ya tattara hulbarsa kafin awaki su yi walima.

Hure ta ce, "Ga shi ka gani. 'Yar yayana ta ce tun da na shigo rana, baƙi zai yi, ba zai hita ba. In ka fasa yanzu, ka fasa da hujja, mota na jiranka."

Ya juya ya ɗauko nasa buzun da yake salla a kai, ya shimfiɗa a can cikin rumfa inda inuwa ta fi duhu. "Shigo daga rana," in ji shi. "Malama, ke ma shigo." Sannan ya ce da mai barkono, "Ɗanladi, in ka je masallaci ka nemo mani Alhaji Hadi, ka ce kada a raba goron nan."

"In ce mashi mi? Faɗa mani da kyau, kada ni ma in yi saɓa a hanya."

"Bari, da kaina za ni," in ji Malam Dabo.

An riga an raba rabin goron, don haka da rabi aka ɗaura, bayan La'asar, a zauren Alhaji Hadi. Rakiya ta zo tana ɓoye fuska, Hure ta ce hukuncinta shi ne ta yi guɗa har muryarta ta dishe, ta kuwa yi. Da aka yi magariba muka raka ta Ƙofar Kaura, mu 'yan tsofaffi da wasu daga cikin amarenta na da, kowacce da goyo ko da jika a hannu. Washegari aka rantsar da farar hula. Malam Dabo ya saurara daga farko har ƙarshe a tsakar gida, da aka gama ya ce, "To, wannan karon sun cika." An ce an hango Hajiya Ramla a talabijin, tabonta na nan, tana ta murmushi.

Maganar Zainab ta tabbata. Kuncin ya warke ya bar baƙin tabo mai faɗin tafin hannun yaro, bai fita ba har ta koma ga Allah. Ba ta taɓa neman maganinsa ba. Ta ci gaba da sana'a a gidan mijinta, sai dai in yarinya ta zo da wata kwalba ta ce a shafa mata, takan ce ta kai wa waɗanda suka koyi abin a asibiti, kuma ta jira sanyi. Sun yi shekaru masu daɗi tare. Nakan je mata yini. Ranar da na fara zuwa na tarar suna cin tuwo a kwano ɗaya a inuwar rumfa, tana ɗaga murya tana ce masa miyar ta yi gishiri, shi kuma yana cewa ai ita ta dafa.

Ya riga ta tafiya, ta bi shi bayan damina biyu. Allah Ya haskaka kabarinsu, Ya yafe musu, Ya yafe wa Rakiya, mu kuma Ya sa mu cika da imani.